Allon da ake hawa a teku: wasa ne ko tafakkuri?

Ɗan Takoradi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun da na sa hoton nan da aka ɗauke ni a bakin teku riƙe da allo, saƙonni ke ta shigo mini, wasu tambaya, wasu faɗa. Gara in yi bayani a nan sau ɗaya kowa ya ji.

Ni haifaffen zongon Takoradi ne a ƙasar Ghana. Kakana fataucin goro ya kawo shi daga Kano, ya yi aure ya zauna. Teku yana nan a bayan gari, muna jin ƙamshinsa, muna cin kifinsa, amma har na cika shekara 26 ban taɓa shiga ya wuce mini gwiwa ba. A gidanmu cewa ake ruwa na ƙabilun Fante ne da Ahanta, ɗan zongo kasuwa ya sani. Shekara huɗu da suka wuce aikin haɗa wutar sola ya kai ni Busua, wani ƙauyen masunta yamma da Takoradi, tafiyar kilomita 30 ko kusa da haka, ana sauka a Agona Nkwanta a canza mota. Sati uku na yi a can. Kullum da safe in ga yara, wasu ba su kai shekara goma ba, suna tsaye a kan allo ruwa yana gudu da su. Su bod suke ce masa, ni dai allo na sani. Ran nan wani saurayi ya ce mini, kallon nan ya isa haka, zo in koya maka. Sai da na yi wata biyu ina zuwa koyon iyo kawai kafin ya yarda in taɓa allon.

Ga yadda abin yake. Kwanciya ake rub da ciki a kan allo, an ɗaura igiyarsa a idon sawu, a yi ta tuƙi da hannu har a ƙetare inda ruwa ke fashewa. A can baya ruwan shiru yake, sai dai ya ɗaga ka ya sauke ka. Nan za ka zauna ka jira. Kana iya yin minti ashirin ba abin da ya zo. Sai ka hango wani layi mai duhu ya taso daga nesa, ka juya allo ya fuskanci gaɓa, ka tuƙa da iya ƙarfinka, in an dace ka ji wani abu ya ɗauke ka daga ƙasa kamar an ɗaga jariri. A nan za ka miƙe. Daƙiƙa goma ne ko ƙasa da haka, shi ke nan. Amma ranar da na fara tsayawa, wallahi ban san lokacin da Subhanallah ta fito daga bakina ba, na fito ina hawaye, yaran suna ta tafa mini.

Abin da nake so in faɗa, wanda ya jawo faɗan, shi ne ban taɓa jin ƙanƙantar kaina a gaban Allah kamar yadda nake ji a zaune bayan igiyar ruwa da sassafe ba. Babu waya, babu mai bin bashi, babu hira. Ba kai ke kiran igiyar ba, ba ka da ikon hanzarta ta, naka dai ka shirya ka tuƙa in ta zo. A can na fahimci tawakkali da jikina, bayan na daɗe ina jin sa da kunne.

Direban Apapa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi haƙuri, ni ba na ɓoye magana. Shekarata 19 ina ɗaukar kaya a tashar jiragen ruwan Legas, na san bakin teku. Abin da ke can tsiraici ne da giya da kiɗa da hayaƙi. Wannan wasan Turawa ne da suka ƙoshi suka rasa abin yi. Ka je ka yi wasanka ba wanda ya hana ka, amma kada ka sa masa rawani ka ce mana tawakkali ne.

Uwar Biyu:
Ni hoton ma tsoro ya ba ni. Mahaifiyarka ta sani kuwa?

Ɗan Takoradi:
Ta sani, Yaya. Shekara guda ta yi ba ta so a yi maganar a gabanta. Yanzu in zan tafi ta kan ce in karanta Bismillahi majreha wa mursaha, addu'ar da Annabi Nuhu ya yi a jirgi.

Malam na Tudun Wada:
Bismillah. Na karanta bayanin ɗana na Takoradi sau biyu kafin in sa baki. Mu raba maganar, domin in an cakuɗa ta za a zalunci wani.

Shiga teku ba laifi ba ne. Allah Ya ce a Suratun Nahli Shi ne Ya hore teku domin mu ci nama ɗanye daga gare shi. Da wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da alwala da ruwan teku, ya amsa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, kuma hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa a zaure. Iyo kuwa an ruwaito shi cikin wasannin da ba a lissafa su a lagawu ba, tare da harbi da horar da doki. Saboda haka mai cewa asalin abin haram ne sai ya kawo dalili.

Amma ɗana, inda zan riƙe ka shi ne nan. Abin da ka ji a cikin ruwa gaskiya ne, ban ƙaryata ka ba, Alkur'ani ma ya riga ka faɗa. A Suratu Luƙman aya ta 32 an siffanta mutanen da in taguwar ruwa ta lulluɓe su kamar inuwar gizagizai, sai su kira Allah da zuciya ɗaya. Sai dai ayar ba ta tsaya a nan ba. Ta ci gaba da abin da ke faruwa bayan an tsirar da su zuwa tudu, wani ya tsaya a kan hanya, wani ya butulce. Kowa mai tsoron Allah ne in ruwa ya fi ƙarfinsa, har Fir'auna da ruwa ya ci shi sai da ya yi furucin imani. Don haka ni ba zan tambaye ka abin da kake ji a kan allo ba. Zan tambaye ka, in ka fito ka shanya wando, me ya rage? La'asar ɗinka tana nan? Abokin cinikinka ya ga canji a ma'auninka?

Ɗan Takoradi:
Allah gafarta Malam, tambayar ta shige ni. Zan faɗi gaskiya. Asuba ba ta taɓa samun matsala ba, asali ma ruwan ne ya gyara mini ita, domin da sassafe iska take kwance, igiya ta zo sumul, kafin azahar iskar teku ta taso ta dagula komai. Mai son ruwa mai kyau dole ya kwanta da wuri ya tashi da duhu. Na daina zaman majalisa har ɗayan dare saboda haka. Amma La'asar ta taɓa kuɓuce mini. Wata ranar Yuli ruwa ya yi kyau, ina ta cewa bari in hau ɗaya ta ƙarshe, ɗaya ta ƙarshe, ban farga ba sai da na ga rana ta yi ja. Na fito jikina na rawa. Abin ya daɗe yana cina, domin wanda na ce na je in tuna a can Shi ne na manta. Tun ranar na sayi agogon da ruwa ba ya shiga, kuma ba na shiga da yamma sai na yi salla.

Malam na Tudun Wada:
Madalla. Wanda abin ya ci a rai bai yi nisa ba. Ka dai riƙa kiran kowane abu da sunansa. Hawan igiya hutu ne da ni'ima, tunanin da yake haifar maka kuwa tafakkuri ne, wanda aka yabi masu yin sa a ƙarshen Ali Imrana. Kada wata rana zuciya ta raɗa maka cewa ruwa ya fi sahu natsuwa, saboda haka ya wadatar. Nan ne ramin.

Direban Apapa:
To Malam, ai ni ma abin da nake gudu ke nan. Kuma ba a ba ni amsa kan tsiraici ba. Kuma har yanzu na ce na Turawa ne.

Malamin Tarihi:
Alhaji Direba, kan tsiraici sai mai abin ya amsa, amma kan asali bari in gyara maka, domin nan fannina ne. Turawa koya suka yi. Wasan ya shahara ne daga tsibiran Hawai da sauran tsibiran tekun Pasifik, inda mutanen ƙasar suke yin sa tun kafin su ga farar fata. Ma'aikatan jirgin Kyaftin Cook, matuƙin Birtaniya mai binciken tekuna, sun gan shi sun rubuta a wajejen 1779. A can har sarakuna suna hawa, kuma akwai dogon allo da ake kira olo wanda na masu sarauta ne. Bayan zuwan 'yan mishan a 1820 da cututtukan da suka kashe jama'ar tsibiran da yawa, wasan ya ja baya ƙwarai. Daga cikin waɗanda suka sake fito da shi akwai Duke Kahanamoku, ɗan asalin Hawai, wanda ya ci zinare a iyo a gasar Olamfik ta 1912, ya kuma nuna hawan igiya a Ostireliya da Amurka.

Abin da ya fi daɗa mini daɗi shi ne gaɓar da Ɗan Takoradi yake tsaye a kai tana da nata tarihin daban. Wani Bajamushe, Michael Hemmersam, ya bayyana yaran wannan gaɓa da alluna a cikin ruwa tun shekarun 1640. Wani sojan Birtaniya, James Alexander, ya rubuta a 1834 cewa ya ga yara a Akara suna shiga teku da ƙananan alluna a ƙarƙashin ciki, su jira igiya ta ɗauko su. Masanin tarihi Kevin Dawson ya tattara irin waɗannan shaidu. Kuma da yake yawancin gaɓar ba ta da tashar da babban jirgi zai raɓa, masu kwale-kwalen Fante da Kru ne suke ratsa igiya su sauke kaya da mutane. Tashar Takoradi ba a buɗe ta ba sai 1928. Sanin lokacin da za a kutsa da lokacin da za a dakata ilimi ne da kakannin yaran Busua suka ci abinci da shi.

Ɗan Takoradi:
Malam, ban san wannan ba wallahi. Amma na gani da idona. In masunta za su shigo da kwale-kwale sukan tsaya a bayan igiya su ƙirga, sai mai riƙe da inji ya yi kira, su hau bayan guda ta kai su har yashi. Abu ɗaya ne da namu, su dai da tan na kifi a ciki.

Kan tsiraici, Alhaji, ba zan ce babu ba. Busua garin baƙi ne, akwai otal-otal, akwai masu shigar da ba ta dace ba, musamman Asabar da Lahadi da rana. Ni wandona yana rufe gwiwa, ina sa riga mai dogon hannu, wadda ma take hana allo goge ƙirji. Lokacin da nake shiga masu shaye-shaye ba su farka ba, daga mu sai masunta. Kasuwa ma akwai abin da ido bai kamata ya gani ba, ba mu daina zuwa ba, mun dai koyi sunkuyar da kai.

Basarken Yauri:
Ni ɗan ruwa ne gaba da baya, a kan Kwara na tashi, don haka ku bar ni in ce wani abu. Abin da yaron nan yake faɗa duk mai su ya san shi, sai dai mu ba mu saba faɗa ba. Mahaifina in ya fita jefa birgi da asuba ba ya magana da kowa, bakinsa kawai ke motsi. Ya kan ce ruwa ba ya son mai girman kai. Masu cewa Bahaushe bai san ruwa ba su je Argungu su ga mutum ya kwanta a kan gora da homa a hannu biyu cikin kogin Matan Fada. Gorar nan da allon Takoradi ai 'yan uwa ne, kowanne ciki ake ɗora masa a tuƙa.

Amma ɗana, kogi daban teku daban. Na taɓa zuwa Badagiri na sa ƙafa, na ji yadda yake janye yashi daga ƙarƙashin tafin mutum, na ce wannan ba sa'ana ba ne. Ina da tambaya. An ce mini masuntan ƙasarku ba sa fita ran Talata. Kai kana shiga?

Ɗan Takoradi:
Haka ne Baba, a yawancin garuruwan gaɓar nan Talata ba a fita su. A gargajiyarsu ranar ta abin bautar teku ce, yanzu kuwa da yawansu Kiristoci ne, ranar ce ta ɗinkin koma da gyaran inji da zaman sulhu. Ni ban yarda wani ke da teku ba sai Wanda ya halicce shi, ban taɓa zuba wa ruwa komai ba kuma ba zan zuba ba. Amma ni baƙo ne a garinsu. Na tambayi dattawan masunta, suka ce dokar ta masu koma ce, ba ta hana wanka ba. Duk da haka Talata ranar aikina ce, ban cika zuwa ba.

'Yar Damagaram a Dakar:
Salamu alaikum. Na jima ina karantawa, bari 'yar uwarku ta ce nata. Karatu ya kawo ni Dakar shekara uku ke nan. Ni da na tashi inda ruwa sai an bi layin famfo, ranar da na fara ganin teku kasa magana na yi. A nan ƙasar Musulmi ce, kuma hawan igiya ba baƙon abu ba ne. A Wakam akwai babban masallaci mai hasumiya biyu a daidai bakin ruwa, gabansa kuma ɗaya daga cikin wuraren hawan igiya mafi suna a ƙasar. Na sha ganin samari sun jingine alluna sun bi jam'i. A Ngor, garin ƙabilar Lebu masu su, akwai Khadjou Sambe, macen Senegal ta farko da ta mai da abin sana'a, kuma ta sha faɗa cewa da farko danginta ba su so ba. Yanzu tana koya wa 'yan mata.

Na gwada sau biyu tare da ƙawata, da doguwar riga ta iyo da hular da ke rufe kai da wuya, mace ce ta koya mana. Ban tsaya ba, a kwance igiyar ta kai ni gaɓa. Amma dariyar da na yi ranar, rabona da irinta tun ina ƙarama. Shi ne nake so in tambayi Malam, shin dole ne sai mun nemo wa kowane farin ciki hujjar wa'azi kafin mu yarda da shi? Ni ban yi wani dogon tunani ba, daɗi kawai na ji, na ce Alhamdulillah.

Malam na Tudun Wada:
'Yata, Alhamdulillahin nan da kika ce ta isa. Ba a ɗora wa mutum ya mai da kowane numfashi darasi ba. Manzon Allah ya yi tsere da Nana A'isha, ya bar Habashawa suna wasa da masu a masallaci tana kallo. Da Hanzala ya zo yana kukan cewa ya yi munafunci saboda in ya koma gida yana wasa da iyali, aka ce masa sa'a da sa'a. Sharaɗin dai sutura, da guje wa cakuɗa, da kiyaye lokaci, da sanin iyaye. Kin cika su, ki yi dariyarki.

Uwar Biyu:
Mahaifanki sun sani, ƙanwata? Ni dai har yanzu gabana faɗuwa yake.

'Yar Damagaram a Dakar:
Na aika wa Inna hoton, Yaya. Ta ce ruwan nan duk ba mai shi?

Malamin Jogirafi a Katsina:
Ina so in ƙara wa Ɗan Takoradi abin tunani, tunda ya ce ba shi ke kiran igiya ba. Igiyar da kake hawa a Busua ba a nan aka haife ta ba. Guguwa ce take kaɗawa can kudancin tekun Atlantika, nisan kilomita 5,000 ko fiye, ta tayar da ruwa, motsin ya kamo hanya yana tafiya kwana da kwanaki ba abin da ya tare shi. Kuma ba ruwan ne ke tafiya ba, ƙarfin ne ke ratsa shi, kamar in ka kaɗa tabarma daga gefe guda. Sai ya iso inda ƙasa ta yi kusa, gindinsa ya rage gudu, kansa ya yi gaba ya kife. Shi ya sa ruwanku ya fi girma daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, lokacin sanyin kudancin duniya ke nan, guguwarsu ta fi ƙarfi.

Na biyu kuma ya shafe mu kai tsaye. Iskar hunturun da ke fasa mana leɓe a Disamba da Janairu, mai ɗauko ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, ba ta tsayawa a kanmu. Tana wucewa kudu har ta faɗa teku. Gaɓar Ghana kudu take kallo, saboda haka iskar takan fito daga tudu ta tari igiya gaba da gaba, ta riƙe mata fuska ta yi santsi kafin ta fashe. Masu hawa irin wannan iska suke nema.

Ɗan Takoradi:
Malam, ka sa tsigar jikina ta tashi. Na san ranakun nan sarai. Igiyar ba ta da girma amma tsaf take kamar an goge ta, hazo ya rufe ɗan tsibirin Abokwa da ke gabanmu har ba a ganin bishiyoyin kwakwarsa, rana ta fito kamar faifai ana iya kallonta da ido. Ashe iskar ta bi ta kan Kano kafin ta same ni. Ban taɓa zuwa garin kakana ba, Allah bai yi ba tukuna. Daga yau in na zauna a kan allo cikin hunturu na san daga inda take.

Direban Apapa:
Na ji tarihi, na karɓa, ba na jayayya da ilimi. Amma ku faɗa wa yara gaskiya. Kowace salla sai mun ji an rasa wani a bakin ruwan Legas, kuma sau da yawa yaranmu ne 'yan ci-rani, masu acaba da masu shayi, sun je yawon salla sun shiga da wandon jins. Na taɓa taya neman gawa kwana biyu. Kada wani ya karanta wannan hira ya ce shi ma bari ya je ya nemo tawakkali.

Ɗan Takoradi:
Wannan gaskiya ce tsantsa Alhaji, na gode da ka faɗa. Jama'a ku ji da kyau. Abin da ya fi kashe mutane a bakin teku ba babbar igiya ba ce. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa hanya kamar kwata, ya riƙa gudu zuwa ciki. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, ba kumfa sosai, ruwan ya ɗan yi duhu, shi ya sa baƙo yake zaɓarsa. In ya ja ka kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa kai tsaye, zai gajiyar da kai. Ka kwanta a bayanka ka huta, ka ɗaga hannu, ko ka yi iyo a kaikaice ta gefen gaɓa har ka fita daga bakinsa, domin ba shi da faɗi sosai. Wanda bai iya iyo ba kada ya wuce gwiwa. Kuma ba a shiga shi kaɗai.

Ni ma ya taɓa riƙe ni a ƙasa. Igiya ta kife a kaina, ta juya ni har ban san sama da ƙasa ba, duhu ko'ina. Wanda ya koya mini ya riga ya ce in haka ta faru ka saki jiki, ka kare kanka da hannu, za ta sake ka. Da na fito na tuna ayar Suratun Nur mai maganar duffai a teku mai zurfi, taguwa a kan taguwa. Na karanta ta a allo ina yaro ban san me ake nufi ba.

Hajiya Kaka:
'Ya'yana, jikata ce take karanta mini, ita ce kuma take rubuta wannan. Ɗana na uku kududdufi ya ci shi a bayan unguwarmu, damina ce, shekararsa tara. Ruwan bai kai tsayin mutum biyu ba. Manya suna tsaye a bakin wurin ba wanda ya iya shiga. Tun ranar na hana duk zuriyata kusantar ruwa, ko rafi aka ce za a je sai in tayar da hankalin gida. Yau shekara talatin da wani abu. Da na ji Malam ya ce iyo yana cikin abin da aka so a koya, sai na yi ta kuka. Ina ta tunani, da a cikin masu tsayuwar nan akwai mutum ɗaya irin yaron nan na Takoradi.

Malam na Tudun Wada:
Allah Ya jiƙansa Hajiya, Ya sa mai ceto ne. Kada ki ɗora wa kanki, uwa ce ke, tsoronki daga ƙauna ya fito.

Malamin Jogirafi a Katsina:
Allah Ya ba da haƙuri Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, yara ƙanana suna da yawa a ciki, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce abin ya fi shafa. Mu da ba mu da teku ga kududdufai, ga madatsun ruwa, ga kifewar kwale-kwale a Kwara kusan kowace damina.

Basarken Yauri:
Hajiya, iya ruwa fidda kai, amma yakan fidda wani ma. Mu yaro yana shekara biyar ake fara sa shi a inda bai wuce ƙugu ba, babba na riƙe da cikinsa. Ba a jefa shi, ba a tsorata shi.

Hajiya Kaka:
Akwai jikana mai sunan marigayin, yana karatun aikin jirgin ruwa a Akara, shekararsa 20. Ya roƙe ni in bar shi ya koyi iyo, malamansa ma sun ce dole ne, na ce in ya shiga ban yafe ba. Ɗana na Takoradi, in na janye maganar, za ka riƙe mini shi?

Ɗan Takoradi:
Hajiya, da hannu biyu. Ba zan kai shi teku ba tukuna. Wurin wanka na gini za mu fara, inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, da mai ceto a tsaye, har sai ya iya kwanciya a bayansa minti biyar bai firgita ba. Allo kuwa sai ke da bakinki kin ce a ba shi. Ki sa jikarki ta turo mini lambarsa ta saƙon sirri, in Allah Ya kai mu Asabar ta sama zan shigo Akara sayen batura, sai in neme shi bayan azahar.

Direban Apapa:
In kun fara ku gaya mini nawa ake biya a wurin wankan. Kuɗin wata na farko a kaina.